Wai me ya sa kumbo ke fama da zafi a wurin da ake cewa ya fi ko'ina sanyi?

Duk wanda ka tambaya tsakanin zafi da sanyi wanne ya fi zama barazana ga ɗan sama jannati, kusan kowa sanyi zai ce maka, don an sha faɗa mana cewa sanyin sararin samaniya ya kai digiri 270 ƙasa da sifili. Maganar gaskiya ce amma rabin labarin kenan. Injiniyoyin da ke ƙera kumbo babban ciwon kansu shi ne yadda za su raba shi da zafin da yake haifarwa da kansa, kuma duk hanyar da suka bi sai sun biya da nauyi. Ni abin da ya kama ni a wannan fagen, da na zauna na bi lissafin a hankali sai na ga ashe jikinmu ma abin da yake yi kenan tun ranar da aka haife mu, lissafi ɗaya ne sak, illa dai mu muna da iska da ruwa a kewaye da mu suna rufa mana asiri ba mu ma sani ba.

Bari mu fara daidaita kalmomi don kada mu ruɗe a gaba. In na ce nauyi a nan ina nufin yawan abin da aka gina abu da shi, wanda ake aunawa da kilo, ba dannawar da abu ke yi wa sikeli ba. Mutum mai kilo 70 in ya je tashar sararin samaniya ya taka sikeli allura ko motsi ba za ta yi ba, amma fa kilo 70 ɗinsa na nan daram, shi ya sa a can suke auna kansu da wata na'ura mai sifirin da ke lilo da mutum gaba da baya, daga saurin lilon ake gane kilonsa. Makamashi kuma ana auna shi da jul, jul ɗaya a kowace daƙiƙa shi ne wat, wat ɗin nan dai da kake gani a rubuce a jikin ƙwan lantarki. Zafi shi ne makamashi a lokacin da yake ƙaura daga abu mai ɗumi zuwa wanda bai kai shi ɗumi ba. Sai kuma digiri, wanda mutane ke yawan haɗa shi da zafi alhali kowanne da nasa gidan. Tartsatsin da ke tashi in ana gurza ƙarfe ya haura digiri 1,000 amma in ya faɗo maka a hannu ɗan tsikari kawai za ka ji, shi kuwa bokitin ruwa mai digiri 70 kacal in ya zubo maka sai an kai ka asibiti. Tartsatsin nauyinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka makamashin da ya ɗauko ɗan mitsitsi ne. Ka riƙe wannan, don kusan duk abin da zan faɗa a kansa ya ginu.

Sai doka ɗaya da babu mai tsallake ta: makamashi ba ya ɓacewa, kama kawai yake canzawa, kuma duk inda ya zaga ƙarshensa zafi ne. Kwamfuta da fanka da fitila da tsokar hannunka, duk wat ɗin da suka ci sai ya fito a matsayin zafi, ko ba jima ko ba daɗe.

To mu fara da jiki. Baligin mutum yana ƙona kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana, wato kusan jul miliyan 10, in ka raba shi da daƙiƙoƙi 86,400 da ke cikin yini da kwana sai ka samu wat 100 da 'yan kai. Kana zaune kana karanta wannan kana fitar da zafi kamar tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, dare da rana babu ɗauke wuta. Wanda ya fara nuna hakan a aikace shi ne Antoine Lavoisier na Faransa shi da abokin aikinsa Laplace, wajejen 1783, suka saka ɓeran masar a cikin wani mazubi da aka zagaye da ƙanƙara suka auna ruwan da ya narke, suka kwatanta da na gawayin da aka ƙona, suka ga ashe numfashi ƙonewa ne a hankali. Abinci ne man, oksijin ne ke hura wutar, hayaƙin kuma shi ne iskar kabon dayoksaid da muke fesarwa.

A nan ne nauyi ke shigowa, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da masu ilimi. In mutum ya rame ka tambaya ina kitsen ya tafi, amsar da za ka fi ji ita ce wai ya zama makamashi. A'a. A 2014 wasu mutum biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka bi lissafin ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya suka nuna cewa in ka ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin kabon dayoksaid, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa ya bi fitsari da gumi da tururin numfashi. Kuma kafin kilo 10 ɗin nan ya ƙone sai ka shaƙi kusan kilo 29 na oksijin. Kenan ramewa numfasar da ita ake yi. Na san wani zai ce ai Einstein tun 1905 ya ce nauyi na iya komawa makamashi, haka ne, rana ma tana asarar tan miliyan 4 na nauyinta a kowace daƙiƙa ta wannan hanyar, amma a jikin mutum jul miliyan 10 na yini guda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na maikurogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan goma na giram, in ka tara na shekara 70 gaba ɗaya kusan miligiram 3 ne, kamar ƙwayar yashi biyu ko uku. Don haka a lissafin jiki da na roka mu ajiye Einstein a gefe, nauyin da ya shiga shi ke fita, kama kawai ya sauya.

Yanzu ka ɗauka an naɗe mutum da wani abu da ba ya barin zafi ko ɗis ya fita. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, kowane kilo na buƙatar kusan jul 3,500 kafin ya hau digiri ɗaya, mai kilo 70 kenan jul 245,000. Shi kuma yana haifar da jul 360,000 a awa yana zaune ba ya komai. Ka ga kenan duk awa ɗaya zai hau digiri ɗaya da rabi, daga 37 cikin awa uku ya wuce 41, wurin da ƙwaƙwalwa ke fara rikicewa. Yana zaune fa na ce. In aiki mai ƙarfi yake yi, tsoka kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kawai take mayarwa aiki sauran duk zafi ne, mutum na iya fitar da wat 1,000, sai awa ukun nan ta koma 'yan mintuna. Wannan lissafin duk sanda na tuna shi sai na ji tsigar jikina ta tashi, don yana nuna maka tazarar da ke tsakaninmu da halaka ba ta da wani faɗi, kuma kullum jiki na kan aikin tsare ta ba tare da ya tambaye mu ba.

Abin da ke ceton mu ƙofofi huɗu ne. Taɓawa, kamar in ka kwanta a kan siminti mai sanyi ya zuƙe maka ɗumi. Iska, wadda in ta ɗumama a jikin fatarka sai ta yi sama wata mai sanyi ta maye gurbinta. Haske marar ganuwa da kowane abu mai ɗumi ke fitarwa, irin wanda kake ji a fuska in ka tsaya nesa da wuta. Sai ta huɗu, gumi, wadda ita ce ƙofar gaggawa kuma ita kaɗai ke aiki in iskar waje ta fi jikinka zafi. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a kan fata tana tafiya da jul miliyan 2.4, wato zafin zaman awa shida da wani abu. Amma ka lura da sharaɗin, sai ta bushe, gumin da ya ɗiga ƙasa asara ce kawai, kuma ka lura da kuɗin da aka biya: kilo ɗaya na jikinka ya tafi. Jiki ya sayi sanyi da nauyi.

To ɗauki wannan ka kai shi sama. Can babu iska, babu ƙasan da za ka jingina, ƙofa biyu na farko an rufe su ruf. Fulas ɗin da ke riƙe ruwan zafi tun safe har dare sirrinsa ɗan sararin da aka zuƙe wa iska ne tsakanin bangonsa biyu, shi kuwa kumbo yana zaune ne a cikin fulas ɗin da ba shi da iyaka. Ga rana tana zuba masa wat 1,360 a kan kowane murabba'in mita ba tare da gajimare ko iskar da za ta rage ba, ɓangaren tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da ke kallon rana na kai digiri 120, na inuwa ya sauka ƙasa da 150 a ƙasan sifili, kuma tana zaga duniya cikin minti 90, sau 16 a rana tana shiga wuta tana fita. Kumbon Apollo a hanyarsu ta zuwa wata juyawa suke yi a hankali kamar sau uku a awa, yadda ake juya nama a kan garwashi, don kada gefe ɗaya ya gasu ɗayan ya daskare.

In aka ajiye gumi mai cin nauyi, ƙofar da ta rage ita ce ta hasken nan marar ganuwa, kuma ƙofa ce mai rowa. Stefan a 1879 da ɗalibinsa Boltzmann a 1884 su suka fitar da dokarta: zafin da abu ke fitarwa ta haske ya dogara da faɗin fatarsa da kuma digirinsa da aka ninka a kansa sau huɗu, ana ƙirgawa daga sifilin ƙarshe wato 273 ƙasa da sifilin da muka sani. Ma'ana in ka ninka digirin sau biyu zafin da ke fita ya ninku sau 16. Da jin haka sai ka ce to ai da sauƙi, a bar lagireton, wato farantin da ke zubar da zafin a waje, ya yi jajir. Matsalar ita ce zafi ba ya hawa tudu da kansa, daga mai zafi yake gangarowa zuwa mai sanyi, don haka lagireton da zai sanyaya ɗakin mutane mai digiri 22 dole ya fi ɗakin sanyi, kuma a irin wannan digirin murabba'in mita ɗaya ko ya yi iya ƙoƙarinsa wat ɗari huɗu da 'yan kai ne iyakarsa. Babu abin da ya rage sai ƙara faɗi, faɗi kuma ƙarfe ne, ƙarfe kuma kilo ne da sai roka ta ɗaga.

Shi ya sa in ka kalli hoton tashar za ka ga fukafukai iri biyu. Masu duhun nan farantan sola ne, su ne bakin da take ci da shi. Farare masu lanƙwasa kamar takardar da aka ninke aka buɗe su ne lagireto, manyansu guda shida ne, kowanne tsawonsa mita 23 nauyinsa ya haura tan ɗaya, gaba ɗayansu suna iya zubar da kilowat 70. A cikin ɗakunan ruwa ne ke zagayawa a bututu yana kwasar zafin na'urori da na mutane, sai ya miƙa wa amoniya a waje, don ita ba ta daskarewa sai a digiri 78 ƙasa da sifili, kuma ba a yarda ta shigo ciki ba saboda guba ce. Famfo, bututu, ruwa mai zagayawa, fata mai faɗi a waje. Kai ka san wannan tsarin ai, zuciya ce da jijiyoyi da jini, in zafi ya dame ka jijiyoyin fata su buɗe jini ya kwararo waje ya huce, in sanyi ne su tsuke yatsunka su fara sanƙarewa don a tsare ɗumin ciki. Kumbon nan na Amurka, Space Shuttle, mai zuwa ya dawo kamar jirgin sama, wanda aka daina amfani da shi a 2011, lagiretonsa a cikin ƙofofin ɗakin kaya suke, da ya isa sama aikin farko buɗe ƙofofin ne, in suka ƙi buɗuwa dole a juyo gida cikin 'yan awanni. Tashar Skylab kuwa da aka harba ran 14 ga Mayu 1973, garkuwar da ke kare ta daga zafin rana ta yage tun a hanya, cikinta ya kai digiri 52 babu mai iya zama, sai da Pete Conrad da abokan tafiyarsa biyu suka je suka zura wata laima ta wata 'yar kafa suka buɗe ta a waje kafin wurin ya zaunu.

Akwai wani abu game da girma da ya kamata in taɓa ko da a gurguje. Zafi a cikin jiki ake haifarsa amma ta fata yake fita, in ka ninka tsawon abu sau biyu fatarsa sau huɗu take ƙaruwa cikinsa kuwa sau takwas. Ƙaramin abu fata ta yi masa yawa, babba ta yi masa kaɗan. Shi ya sa jariri ke saurin yin sanyi, shi ya sa kowane giram na ɓera ke ƙona abinci kusan ninki 20 na giram ɗin giwa, ita kuma giwa aka ba ta kunnuwa kamar lagireto. Abin da ya fi ban mamaki, kilo da kilo jikinka ya fi rana haifar da zafi sau dubbai, ita rana girmanta ne ya sa zafin ya rasa isasshiyar ƙofar fita. Na'urorin sama ma haka, babbar tasha kukan zafi take yi, ƙaramar mota a duniyar Mars kukan sanyi, motar Curiosity ta sauka can a 2012 ɗauke da sinadarin fulutoniyam mai ba da wat 2,000 na zafi a lokacin, wanda kusan wat 110 kawai ke zama lantarki, ragowar ba a zubar da shi duka, ana zagaya shi da bututu a ɗumama mata ciki.

Inda jiki da kumbo suka haɗu suka zama abu ɗaya shi ne rigar fita waje, don ita ƙaramin kumbo ce da aka ɗinka daidai jikin mutum, kuma ita ce ainihin naɗin nan da na ce ka ɗauka ɗazu. Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyat, mutum na farko da ya fita, ran 18 ga Maris 1965, minti 12 kacal ya yi amma rigar ta kumbura ya sha fama kafin ya koma ciki, zafin jikinsa ya hau digiri 1.8, gumi ya taru masa a cikin riga. Gene Cernan na Amurka a Yunin 1966 ya fi shan wuya, sama da awa biyu yana kokawa da rigar da iska kawai ke sanyaya ta, bugun zuciyarsa ya kai 180, gilashin hularsa ya yi hazo ya daina gani, dole aka katse aikin. Waɗannan mutanen suna rataye ne a wurin da muke cewa ya fi ko'ina sanyi, kuma zafin jikinsu ne ya kusa kashe su. Daga nan aka koma ga wata rigar ciki mai kama jiki da aka saƙa mata siririn tiyo kusan mita 90, ruwan sanyi na bi yana kwasar zafi daga fata kafin ma gumi ya tsatso. To shi ruwan ina zai kai zafin? Jakar baya ba ta da faɗin da za a shimfiɗa lagireto, sai aka yi dabara, ana tura wani ruwa daban ta wani farantin ƙarfe mai ƙananan huda da ke fuskantar waje, da ya ji babu iska sai ya daskare, ƙanƙarar kuma ta riƙa tashi tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba, tana tafiya da zafin. Rigar gumi take yi a madadin mai ita, kuma ruwan da ya tafi ya tafi kenan, yana daga cikin abubuwan da ke yanke awa nawa mutum zai iya yi a waje.

Ko a cikin tashar ma jiki bai samu yadda ya saba ba. Iska mai ɗumi tana tashi sama ne saboda akwai sama da ƙasa, can kuwa babu, sai ta tsaya ta lulluɓe mutum kamar bargo, gumi kuma maimakon ya gangara sai ya manne a fata ya taru. Dole fankoki su yi ta aiki dare da rana, har wurin barci, in ba haka ba mutum sai ya kwana cikin kabon dayoksaid ɗin da ya fesar. Wani bincike da masana daga Jamus suka fitar a 2017 kan 'yan sama jannati 11 ya nuna zafin cikin jikinsu ya hau kusan digiri ɗaya bayan wata biyu da rabi, lokacin motsa jiki wasu har suna wuce 40. Kuma ka lura, gumin da ya bushe a cikin tasha bai fitar da zafi daga tashar ba, daga mutum ya koma iska, na'ura ta tatse tururin ya koma ruwan sha, zafin kuma ya bi bututu ya je layin lagireto. Kowane mutum da aka ƙara wat ɗari ne, da kusan kilo 0.8 na oksijin a rana, da kilo ɗaya na kabon dayoksaid da za a tace.

Ita roka kuma a wajenta cinikin ya fi tsanani. Kafin abu ya zauna yana kewaya duniya sai ya kai gudun kilomita 7.8 a daƙiƙa, makamashin wannan gudun jul miliyan 30 ne a kowane kilo. Kitsen jikinka kilo ɗaya yana ɗauke da jul miliyan 37, kananzir 43, kenan a takarda kilo ɗaya na mai ya isa ya kai kilo ɗaya sama. To me ya sa rokar Saturn V, wadda ta kai kumbon Apollo wata, ta tashi da kusan tan 2,900 amma abin da ya dawo da mutum uku bai kai tan 6 ba? Dalili na farko ka riga ka gan shi a lissafin kitse, mu oksijin kyauta muke shaƙa, ita kuwa sai ta ɗauki nata a tanki, sama da kilo biyu kan kowane kilo na kananzir. Na biyu, babu abin da za ta taka ta tura, hanya ɗaya take da ita, ta wurgar da wani ɓangare na nauyinta baya da ƙarfi, kuma man da za ta ƙona a minti na takwas sai man minti na farko ya ɗauke shi. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya rubuta wannan lissafin tun 1903, kuma har yau shi ya sa kusan kashi 90 cikin ɗari na roka mai ne da oksijin. Saturn V tan 13 take ƙonawa a kowace daƙiƙa a matakin farko. A cikin injin wuta na kai digiri 3,300, ƙarfe kuwa a wajen 1,500 yake narkewa, abin da ke hana injin zama ruwa shi ne ana fara zagaya man mai sanyi ta ɗaruruwan ƙananan hanyoyi a bangonsa kafin ya shiga ya ƙone. Jini a ƙarƙashin fata dai aka sake yi.

Sannan bashin nan na jul miliyan 30 a kilo yana nan yana jira, ranar dawowa sai an biya shi, wanda ya taso daga wata da gudun kilomita 11 a daƙiƙa nasa ma ya ninka. Jul miliyan ɗaya ya isa ya narkar da kilo ɗaya na alminiyam, kai kuma kana da talatin ko sittin. Wani injiniya ɗan Amurka, Harvey Allen, a farkon shekarun 1950 shi ya gano abin da hankali bai kawo ba, cewa a bar tsini a yi gaban kumbon da faɗi kamar gindin kwano, sai iskar da yake dannawa ta taru ta yi katanga a ɗan nesa da shi ta ɗauke mafi yawan zafin ta wuce da shi. Ɗan abin da ya rage ma ya kai garkuwar Apollo digiri 2,700, ita kuma an yi ta ne da abin da zai riƙa ƙonewa yana zagwanyewa, kowane ɓarɓashi da ya tashi ya tafi da rabonsa na zafi. Gumi ne wannan ma, sai dai da naman jikinta take yinsa. In aka samu kafa a wannan kariyar babu gyara, Columbia, ɗaya daga cikin kumbunan Space Shuttle, ran 1 ga Fabrairu 2003 rami ne a gefen fiffikenta na hagu ya bar iska mai zafi ta shiga, mutum bakwai suka rasu.

Labarin da ya fi tsaya min a rai a duk wannan shi ne na Apollo 13, a Afrilun 1970. Tankin oksijin ya fashe a hanyar wata, Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka koma cikin ƙaramin kumbon sauka da aka yi don mutum biyu na kwana biyu, za su yi kusan kwana huɗu su uku. Don batir ya kai su gida aka kashe kusan komai, sai ga shi ashe na'urorin nan da ake ta fama da zafinsu su ne murhun ɗakin, da suka mutu wat ɗari uku na jikin mutum uku bai iya riƙe wurin ba, sanyi ya sauko har kusan digiri 3, bango ya jiƙe sharkaf da tururin numfashinsu, barci ya gagara. Amma a daidai wannan lokacin 'yan na'urorin da aka bari a kunne suna nan suna ɗaukar zafi a cikin akwatunansu, kuma kumbon ba shi da wata hanyar sanyaya su sai irin farantin nan mai zubar da ruwa waje. Ruwan da injin zai yi gumi da shi da wanda mutane za su sha duk daga guzuri ɗaya ne. Sai suka rage shan nasu zuwa abin da bai kai rubu'in lita ba a rana ga kowane mutum, suna karkarwar sanyi suna bar wa na'ura ruwa don kada ta ƙone. Haise ya kamu da ciwon mafitsara da zazzaɓi saboda ƙarancin ruwan. Da suka faɗo tekun Fasifik ran 17 ga Afrilu aka ɗora su a sikeli, Lovell shi kaɗai ya rasa kilo 6, su ukun a haɗe kilo 14, ruwan da ya rage a tankin kumbon saukar kuma lokacin da suka rabu da shi kusan kilo 13 ne.